Kayan Lantarkin Kicin: Wanne Zai Yi Aiki, Wanne Zai Kwana A Kwali?

 Yau kicin za mu leƙa.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan amarya ranar jere, a Kano ne ko Kaduna ko Katsina, ya san yadda ake cika kicin. Gwaggwanni da ƙannen uwa sun ɗaure gyale a ƙugu, ana ta farke kwalaye: ga bilenda, ga butar lantarki, ga injin gasa burodi, ga na matse lemo, ga tukunyar dafa shinkafa, ga maikurowef an ɗora shi can bisa kanta. Uwar amarya ta yi shekara da shekaru tana zubin adashi domin wannan rana, uba kuma ya ci bashi don kada a ce 'yarsa ta gaza. To amma a koma gidan bayan shekara guda. Sau tari biyu ko uku ne kaɗai suka taɓa ganin wuta, sauran suna nan da ledarsu, ƙura ta rufe. Kuɗin da aka zuba a cikinsu da ya ishi amarya jarin wata ƙaramar sana'a.

Saboda haka tambayar da ta kamata uwargida ta fara yi wa kanta, tun kafin ta nufi kasuwar Sabon Gari, ita ce: wace irin wuta ake samu a unguwar nan?

Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya a cikin shekarar aka ɗan sassauta, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Ke nan mai wuta sosai yana biya da tsada, mai biya da sauƙi kuma ba ya ganin wutar. Ga fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don girki ya zama abin da sai an yi shawara.

A bayan kowace na'ura, ko a ƙarƙashinta, akwai 'yar takarda da aka liƙa mai lamba da harafin W. Wannan lambar ita ce cin wutarta, kuma ita ya kamata a fara dubawa kafin launi da ƙyalli. Abin da ke juya inji kawai, kamar bilenda, cinsa kaɗan ne, yawanci wat 300 zuwa 600. Abin da ke yin zafi kuwa shi ne maci wuta: butar lantarki takan kai wat 2,000, na'urar suya da iska mai zafi wajen 1,500, haka ma murhun lantarki. Ƙaramin janaretan nan da ake gani a ƙofar shaguna ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Zai ja bilenda lafiya lau, amma da an jona masa buta sai ya yi gurnani ya mutu. Masu sola ma sun san yadda kayan zafi ke tsotse batir cikin ɗan lokaci.

Da wannan ma'auni, bilenda ce ta fi kowa cin kuɗinta, domin da wuya a wayi gari a gidan Bahaushe ba a buƙaci markaɗe ba. Tumatir, tattasai, attarugu da albasa na miya, kullum ne. Mai aiken yaro injin markaɗe ta san wahalar: layi, musamman da azumi gab da la'asar, yaro ya dawo ya zubar da rabi a hanya, ko kuma a markaɗa gasarar kunu bayan kayan miyan wata, kunu ya fito da yajin attarugu. Bilenda mai wat 500 in ta yi minti biyar tana aiki, wutar da ta sha ba ta kai ta naira 10 ba ko a farashin rukunin A. Mai ɗan ƙaramin kofin niƙan busassun kaya ta fi amfani, don ita ce za ta niƙa citta, kanumfari, masoro da daddawa, ta hutar da turmi. Fura ma yanzu da ita ake damawa a shagunan fura da nono na birane.

Sai dai bilenda tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ke kashe ta. Ba ta son aiki ba hutu. A kunna minti ɗaya, a kashe, a bari injin ya huce. Ba ta maye gurbin injin unguwa in kwano biyu na gero ko waken suya za a markaɗa, balle ƙullun masar biki. Wajen ƙosai kuwa, tana buƙatar ruwa kafin wuƙarta ta juya, shi kuma ƙosai ƙullu mai kauri yake so. In aka cika ruwa sai ya baje a kasko ya sha mai. Dabarar ita ce a riƙa zuba waken kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma wata yaudara da ta cika kasuwa. Za a ga kwalin bilenda an rubuta wat 5,000 ko 8,000 da manyan lambobi. Soket ɗin bango na gida, mai ɗaukar amfiya 13 a kan wuta mai ƙarfin bolt 230, iyakar abin da zai iya bayarwa wajen wat 3,000 ne. Duk lambar da ta haura haka ado ne na kwali. Gara a ɗaga na'urar a ji nauyin injinta, a duba ko haƙoran da ke haɗa kofi da inji na ƙarfe ne ko na roba, sannan a tambayi mai shago ko ana samun kofi da wuƙa in sun lalace.

Abu na biyu da ya cancanci kuɗinsa ba ya ma buƙatar lantarki: tukunyar furesha, wadda ake ɗorawa a kan gas. Asalinta tsoho ne. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera ta farko a Landan a shekarar 1679, kuma abin da ya nuna wa mutane da ita shi ne tana laushe ƙashi. A tukunyar da aka saba, ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 komai wutar da aka zuga. A furesha kuwa tururi ba shi da hanyar fita, sai zafin ya kai wajen digiri 120. Shi ya sa waken da kan shafe fiye da awa guda yake nuna cikin rabin awa ko ƙasa da haka, ba tare da an jefa kanwa ba. Ganda, ƙafar saniya, kan rago bayan layya, naman tsohuwar kaza, duk suna sallamawa da wuri. Gidan da ke cika tukunyar gas da tsadar yau zai ga bambancin a ƙarshen wata.

Mata da yawa suna tsoronta, kuma tsoron yana da dalili, amma ƙa'idarta ba ta da yawa. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku. In wake ne rabi, saboda kumfarsa kan toshe ƙofar tururi. Ba a buɗe murfi sai tururin ya gama fita. Robar bakin murfi in ta saki, a canza ta.

Butar lantarki ita ce ta uku, ga mai wuta. Cinta da yawa, amma aikinta gajere: lita ɗaya da rabi tana tafasa cikin kamar minti biyar, kuɗin wutar bai wuce naira 30 zuwa 40 ba. Da sanyin hunturu, ga shayin yara 'yan makaranta, ga ruwan alwalar asuba, a tafasa lokacin da aka kawo wuta a juye a fulas.

Sauran kayan sai an dubi irin rayuwar gida. Maikurowef aikinsa ɗumame, kuma yana da rana a gidan ma'aikata masu firji da tsayayyiyar wuta, waɗanda ke girki ranar Asabar su ci har tsakiyar mako. Inda firji ba ya ko sanyi, me za a ɗumama? Ba a kuma sa masa kwanon silba, ko faranti mai zanen ruwan zinare a baki. Na'urar suya da iska, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, tana taimakon wanda likita ya ce ya rage mai, tana gasa kaza da dankali da kyau, amma kwandonta ƙarami ne ga gidan mutum goma, kuma ba ta yin ƙosai ko masa. Tukunyar dafa shinkafa, da Toshiba ta yaɗa a Japan tun 1955, ta dace da ɗalibi ko gwauro. Matar da ta iya tsane shinkafa a tukunya ba abin da za ta ƙara mata. Injin matse lemo da na gasa burodi su ne suka fi kwana a kwali.

Masu sayen kayan gwanjo kuma su duba takardar nan da kyau. Kayan Ingila sun dace da wutar Najeriya, har bakin fulogin iri ɗaya ne. Na Amurka an yi su ne don bolt 120, na Japan 100. Da an jona su kai tsaye sai hayaƙi. A Nijar kuwa soket mai zagayayyun ramuka irin na Faransa aka fi amfani da shi, mai saye daga Kano zuwa Maraɗi ya haɗa da adafta mai kauri. A kowane hali, a sa mai shago ya jona kayan a gaban ido, a karɓi rasit, kuma a cire fulogi duk lokacin da aka ɗauke wuta, don dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona inji.

Iyaye masu shirin aurar da 'ya, da uwargida mai shirin shiga kasuwa, a zauna a lissafa abin da aka dafa a gidan cikin mako guda da ya wuce, a kuma ƙirga awannin da aka samu wuta. Ga mafi yawan gidajenmu, bilenda mai ƙarko, tukunyar furesha da butar lantarki sun wadatar. Ragowar kuɗin a damƙa wa amarya a hannu, in ta zauna a gidanta ta ga wutar unguwar, ta sayi abin da take buƙata.