Me ya sa fankarki mai caji ta riga ta maƙwabciya mutuwa?

Uwargida, a Ɗorayi idan wuta ta tafi a watan Afrilu, zafin Kano ya haura digiri 40, fanka mai caji da fitila su ne rufin asirin uwa mai goyo. Sai ki ga kun saya rana ɗaya, iri ɗaya, amma taki tana mutuwa tun tsakar dare, ta maƙwabciya tana kaiwa asuba.

Sau da yawa laifin yana cikin batirin ne. Batirin lithium ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura ne aka jera, galibi masu lamba 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Ko daga masana'anta ɗaya suka fito, ƙarfinsu ba ya zuwa daidai, shi ya sa kamfanonin kirki suke auna su, su haɗa masu kama da juna. Idan an jera su a layi, kamar yara ne 'yan Islamiyya riƙe da hannun juna: tafiyar ƙaramin ita ce tafiyar kowa. Mai rauni ya ƙare, fanka ta tsaya, alhali sauran da sauran ƙarfinsu.

Wajen caji abin ya fi ban tsoro. Mai raunin ne ke fara cika, a bolt 4.2. In babu ɗan allon kariya da zai yanke wuta, sai ya ci gaba da sha, ya yi zafi, har ya iya kamawa da wuta. Ko Samsung sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batir, balle wanda aka harhaɗa da tsofaffin baturan kwamfuta.

Don haka in mai gyara ya ce zai canza miki guda ɗaya kawai, ki ce a'a, a canza duka, iri ɗaya. Kuma ko a Farm Centre ko a Sabon Gari, in kin ga 18650 an rubuta masa 9,900mAh, ƙarya ce. Na gaskiya yana tsayawa ne wajen 3,500.

Kada ki yi caji a kan katifa ko kusa da shimfiɗar jariri, ni wannan ya fi damuna. Batirin da ya kumbura kuwa, a fitar da shi daga ɗaki. In yaro ya ƙone, ki zuba ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, man goge baki ko ƙwai, sannan ku wuce asibiti.