Hatimin injiniya da ambaliyar Kogin Haɗeja

Wata huɗu ke nan rabona da barcin kirki. Bayan sallar Isha'i nakan baje takardun zane a kan tabarma, in yi ta lissafin nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka har dare ya raba. Shiri nake yi na tsayawa gaban Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya a Najeriya. Sai da rajistarta doka ke yarda mutum ya amsa sunan injiniya, ya kuma buga hatimi a kan zanen gini. Digiri kaɗai ba ya kai mutum can. Sai ya yi shekaru yana aiki, ya rubuta rahoton abin da ya yi da hannunsa, sannan ya zauna gaban manyan sana'ar su titsiye shi da tambayoyi.

Domin in wasa ƙwaƙwalwa, nakan gwada tsofaffin tambayoyin IStructE, cibiyar injiniyoyin gine-gine da ke Landan. Jarrabawarsu awa 7 ce, kuma tambaya ɗaya tak mutum zai zaɓa. Zai fitar da hanyoyi biyu mabambanta na tsayar da ginin, ya ɗauki ɗaya ya kare ta da hujja, ya yi lissafi da zane, ya rubuta wa mai aikin wasiƙa. Na lura tarkon yakan ɓuya ne a 'yan layukan da ke bayanin ƙasar wurin da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinta. Wanda ya tsallake su, komai kyan lissafinsa, ya yi gini a kan toka.

Mu mutanen Haɗeja a cikin waɗannan layukan muke rayuwa. Koginmu haɗuwar Kogin Kano ne da na Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Idan ruwan ya iso wajenmu, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake tararwa, ga ciyawar kachala ta toshe masa hanyoyi, sai ya bazu cikin gonaki da garuruwa a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 ba ya buƙatar bayani. Ina cikin matasan da suka kwana suna ɗura yashi a buhuna don ƙarfafa jingar da ta tare gari.

Akwai abin da na daɗe ina shakkar sakawa a rahotona. A shekarata ta biyu da fara aiki, an ɗora mini kula da ginin wani kwalbati a hanyar wani ƙauye cikin fadama. Na tsaya a kan kaurin rodi da yawan siminti, gwajin kankare na kwana 28 kuma ya fito da kyau. Wani dattijo masunci ya ja hannuna zuwa gindin wata giginya, ya nuna mini shatar inda ruwa ke kaiwa, ya ce, "Yaro, wannan ƙofar ta yi wa ruwan nan kaɗan." Na yi masa godiya, na koma kan zanen da aka aiko mini daga ofis.

Damina ta biyu ruwa ya zo. Da ya rasa isasshiyar hanya sai ya ƙara gudu, ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin, kwalbatin ya kife a gefe ɗaya, kankarensa ko tsagewa bai yi ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma makonni manoma na biyan kuɗin kwalekwale kafin shinkafarsu ta ga kasuwa. A ƙarshe na yanke shawarar da wannan labari zan buɗe rahoton, domin shi ya koya mini cewa a fadama ana fara tambayar ruwa da ƙasa kafin a taɓa siminti.

Don haka nake kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da ƙananan hukumomin da ke bakin kogi: kada a saki kuɗin gada ko kwalbati sai an ga sakamakon gwajin ƙasa, da lissafin ruwan da zai ratsa wurin, da hatimin injiniya mai rajista wanda ya taka wurin da ƙafarsa. 'Yan'uwana matasa kuma mu guji ba da aron hatimi ga zanen da ba mu duba ba, domin amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Idan na faɗi wannan jarrabawa, zan sake zama wata shekarar. Motar da ke ɗauke da 'yan kasuwa a kan gada cikin watan Agusta ba ta da wannan dama. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.