Zaman Aro: Laifin Koci Ne ko Tijarar Masu Ƙungiya?

Tun daga watan Satumba na 2024, lokacin da Napoli ta miƙa Victor Osimhen aro ga Galatasaray bayan cinikinsa da Chelsea ya wargaje, muhawarar zaman aro ba ta lafa ba a gidajen kallon ƙwallo na Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, inda akan biya kuɗin shiga, a zauna bisa dogon benci cikin ƙugin janareta, a ci gaba da musu bayan an kashe talabijin. Hukuncin da akasarin magoya baya suka yanke shi ne an wulaƙanta gwarzon Afirka na 2023, kuma kamar yadda aka saba, koci aka ɗora wa alhakin. Fushin yana da hujja, amma a ganina an kai ƙarar inda ba a nan laifin yake ba.

Wanda duk yake son fahimtar wannan mas'ala, to ya dubi tarihin Victor Moses, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna kafin ya tafi Ingila yana yaro, wanda kuma saboda shi mutane da dama a jihar Kaduna suka ƙara riƙo da Chelsea. Ƙungiyar ta saye shi daga Wigan a 2012, ya ci kofin Afirka da Nijeriya a 2013, amma duk da haka a shekarar nan aka tura shi Liverpool, daga nan Stoke, daga nan West Ham. Da koci Antonio Conte ya zo Chelsea a 2016 ya ba shi gefen dama, sai ga shi cikin ginshiƙan da suka ci gasar Firimiya, kafin a sake ɗaure masa kaya zuwa Fenerbahce da Inter Milan da Spartak Moscow. Aro shida ke nan cikin shekara tara, a hannun kociyoyi daban-daban waɗanda ba su haɗa ra'ayi a kan komai ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sababin ya fi ƙarfin son zuciyar mutum guda. Al'amarin Kenneth Omeruo ma ya fi ban takaici, domin daga 2012 zuwa 2019 sunansa yana cikin littafin Chelsea, alhali bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.

Haƙiƙanin magana ita ce manyan ƙungiyoyi sun mai da aro wani reshe na tijara. Akwai kakar da Chelsea take da 'yan wasa fiye da 30 a warwatse cikin ƙasashe, ba don tana da niyyar amfani da su ba, sai don darajarsu ta hau ta sayar da riba, kamar dai ɗan kasuwar da yake sayen citta a Kachia lokacin da ake haƙa, ya kimshe a sito yana jiran farashi ya tashi. Ita kuwa ƙaramar ƙungiya takan ɗauki nauyin albashi ko wani kaso nasa, ta ci moriyar shekara guda, ta mayar. Illar tana kan yaron, wanda kowace kaka sai ya koyi sabon harshe da sabon tsari, ga kocin da ba shi da wata maslaha wajen haƙuri da kuskuren wanda zai tafi gobe. Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, ya ɗanɗani wannan a hannun Roma, daga Bologna zuwa Torino zuwa Rangers da wasunsu, bai sami natsuwa ba sai a Partizan, sa'an nan Almeria.

Masu kare wannan tsari sukan ce zaman aro ya fi ɗumama benci, su kawo misalin Osimhen kansa, wanda aro zuwa Charleroi a 2018 ya farfaɗo da shi bayan ya kasa cin ƙwallo a Wolfsburg, kuma a Turkiyya ya fi kowa zura ƙwallo har Galatasaray ta saye shi a 2025. Ba a musun wannan, sai dai mutum ɗaya da ya tsira ba ya zama hujja a kan masu yawa da suka ɓace ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

FIFA ta sa ƙa'ida a 2022 cewa kada ƙungiya ta ba da fiye da mutum takwas aro zuwa ƙasashen waje, aka rage zuwa shida a 2024, tare da sassauci ga matasan da ƙungiyar ta rena da kanta. Amma attajiran sun riga sun sami wata ƙofa, wato mallakar ƙungiyoyi da yawa a lokaci guda, kamar yadda masu Chelsea suka sayi Strasbourg ta Faransa a 2023, suna tura yaransu can, aro ko sayarwa, daga aljihun dama zuwa na hagu.