Yadda Ɗaliban Sakandare a Ostareliya Ke Koyon Aikin Kwamfuta Ana Biyansu

A Kano, yaron da ke son gyaran waya ya san hanya. Ana tashi daga makaranta zai wuce kasuwar Farm Centre, ya zauna gefen maigidansa yana kallon yadda ake canza sikirin da bakin caji. Yana koyo sosai, amma makaranta ba ta san da zancen ba.

A Ostareliya sun shigar da irin wannan koyon cikin karatun kansa. Ɗalibin da ke shekarun ƙarshe na sakandare, galibi aji 11 da 12, wato kamar SS2 da SS3, yana iya raba makonsa gida uku: darasin makaranta, aiki a wani kamfani, da horo a kwalejin sana'a irin su TAFE. Kwana ɗaya ko biyu a mako yana wurin aiki, kuma ana biyansa albashin mai koyo.

Ginshiƙin tsarin shi ne takardar yarjejeniya. Ɗalibi da mai kamfani suna sa hannu, uba ko uwa su sa nasu idan bai kai shekara 18 ba, makaranta ta amince da jadawalin, sannan a yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar jiha. Wannan takarda ce ke sa a lissafa horon a cikin shaidar kammala sakandare, irin su HSC a jihar New South Wales. A can, sai ɗalibi ya cika aƙalla kwana 100 na aikin biya kafin ya gama aji 12.

Hanyoyin biyu ne. Sana'o'in hannu kamar aikin lantarki ko kanikanci suna ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, don haka ɗalibi farawa kawai yake yi a makaranta, ya ƙarasa bayan ya fita. Ɗaya hanyar ta fi gajarta, shekara ɗaya zuwa biyu, kuma a nan harkar kwamfuta ta faɗo. Mai bin ta yana iya fita da takardar Certificate III ta fasahar sadarwa, bayan ya yi ta saita kwamfutocin ma'aikata, yana jan igiyar intanet, yana amsa kiran wanda ya manta lambar sirrinsa. Aikin ba na burgewa ba ne, amma shi masu ɗaukar ma'aikata ke tambaya.

Akwai wahala fa. Darasin lissafin da aka yi ranar da ɗalibi yake wurin aiki ba a maimaita masa, shi zai bi abokansa ya kwafa da dare. Hutun makaranta ma sau da yawa a wurin aiki yake ƙarewa, don a cike kwanakin da yarjejeniya ta gindaya.