Azumin Kiristoci a Nijar: toka a goshi, niyya a zuci

A shekarar 2026, Larabar Toka ta faɗo ranar 18 ga Fabrairu, a makon da Musulmi suka ɗauki azumin Ramadan. Daga wannan rana Kiristoci ƴan Katolika na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ke shiga Karem, kwanaki 40 na addu'a, azumi da sadaka kafin bikin Ista, ban da ranakun Lahadi.

Dokar cocin ba ta da tsanani. Masu shekara 18 zuwa 59 kan ci cikakken abinci sau ɗaya a Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye Yesu, sannan a ƙaurace wa nama kowace Juma'a. Wuyar aikin tana wajen niyya.

A ranar da fada ke shafa wa masu ibada toka a goshi, alamar da kowa zai gani, a ranar ce ake karanta musu sura ta 6 ta Bisharar Matiyu. A can Yesu ya ja kunnen masu shelar sadakarsu, da masu addu'a a bakin hanya domin a gan su, da masu ɓata fuska don a san suna azumi. Ya nuna cewa yabon mutane shi ne iyakar ladansu. Tokar kuwa ba lambar yabo ba ce, tuni ce cewa ɗan Adam ƙasa zai koma.

Wannan gargaɗi ya fi shafar matasan yau. Buhun gero ɗaya sai a ɗauke shi hoto tare da gwauruwar da aka ba, kafin magariba ya zagaye Facebook da WhatsApp. Ɗan ci-rani a Faransa ko Abijan ya aiko da taimako, sai ya jira a ambaci sunansa. Mai karɓa ya samu abinci, amma ya biya da mutuncinsa.

Ba a hana aikin alheri a fili ba. Ƙungiya irin CADEV, reshen agaji na cocin Katolika a Nijar, dole ta bayyana inda kuɗin masu taimako suka shiga. Sai dai ba da lissafi daban, neman suna daban.

Maƙwabta Musulmi sun san cutar, riya suke kiranta. Gwajin ɗaya ne ga kowa: da babu mai gani, babu waya a hannu, za ka bayar?