Zanen Yatsa: Shaidar da Hannu Kan Bari a Kasuwar Singa

Kwali guda na taliya ko na sabulu yakan bi ta hannaye masu yawa a Kasuwar Singa, tsakanin Fagge da Sabon Gari, kafin ya isa kantin unguwa. Yaron mota ya miƙo, ɗan dako ya ɗauka, yaron shago ya jera, ɗan sari ya juya ya duba. Kusan kowannensu ya bar wa kwalin wata alama da ido ba ya gani, wadda kuma babu wani mahaluki da ke da irinta. Wannan alama ita ce zanen yatsa, kuma fiye da shekara 130 ke nan masu binciken laifi suna dogara da ita.

Mai karatu ya dubi cikin yatsansa da kyau. Ƙananan kunyoyin da ya gani sun fara fitowa tun yana ɗan tayi na wajen wata uku, kafin ya kai wata shida sun kammala, kuma ba za su sake ba har tsufa. Ƙuna ko yanka na sama-sama ba sa ɓata su, domin tushensu yana ƙarƙashin fatar waje. Da ta warke sai zanen ya dawo yadda yake. A 2023 masana a Jami'ar Edinbara suka nuna cewa kunyoyin suna tasowa ne daga wurare kaɗan a kan yatsa, su bazu kamar igiyar ruwa, su haɗu. Gado yana da hannu a cikin babban fasalin, amma yadda igiyoyin suka ci karo ya dogara da ƙananan abubuwan da ba sa maimaituwa. Shi ya sa Hassan da Husaini, ko da ƙwai ɗaya suka fito, zanensu ya bambanta.

Fasalin iri uku ne. Akwai mai lanƙwasa kamar lauje, wanda ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na yatsun mutane; akwai mai naɗi kamar gammo, wajen kashi 30; sai mai ɗan tudu, wajen kashi 5. Wannan rabo bai isa ya tona asirin kowa ba. Abin da mai bincike ke nema shi ne inda kunya ta yanke, da inda ta rabu biyu, da tazarar da ke tsakanin irin waɗannan wurare.

To, ta yaya zanen ke zama a jikin kaya? A kan kowace kunya akwai ƙofofin gumi. Gumin kusan duk ruwa ne, amma yana ɗauke da gishiri da amino asid, sannan yatsa yakan kwaso maiƙo daga goshi da hanci. Kayan Singa kuwa ba ɗaya suke ba wajen riƙe wannan saura. Gwangwanin madara, kwalba da gilashin kanta ba sa shan gumi, don haka ana shafa musu garin alminiyam da buroshi mai laushi, a ɗauke zanen da salatif. Kwali da rasit da takardar bashi suna shanye shi. Su ana fesa musu wani sinadari, ninhaidirin, wanda aka fara wannan aiki da shi a 1954. Idan ya gamu da amino asid sai zanen ya fito shunayya, wani lokaci bayan shekaru. Leda kuma ana turara ta da tiririn gam ɗin nan na Super Glue, ya daskare fari a kan kunyoyin. Buhun sukari da na shinkafa su ne marowata: saƙarsu ba ta bari zane ya zauna. Zafin rana da busasshiyar iskar hunturu su ma suna rage abin da ya saura.

Da takardar ciniki aka soma, ba da kisan kai ba. A 1858 wani jami'in Ingila a Bengal ta Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya danna tafin hannunsa a kan yarjejeniya don kada ya musanta daga baya. A 1892 Francis Galton ya ƙiyasta cewa yiwuwar zane biyu su zo ɗaya ita ce 1 cikin biliyan 64. A shekarar ce a Ajantina wata mata, Francisca Rojas, ta kashe 'ya'yanta biyu ta ɗora wa maƙwabci. Zanen yatsa na jini a jikin ƙofa ya wanke shi, ita kuma ta amsa laifi. Tsarin rarraba zanen da ake jingina wa Edward Henry kuwa, wasu 'yan sandan Indiya biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, suka yi babban aikinsa a Kalkata, ba a cika ambatonsu ba.

A Nijeriya yatsa ya daɗe a kan takardun filaye da na bashi, sannan na'ura ta shigo. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, hukumar zaɓe ta kawo na'urar tantance kati a 2015, daga baya BVAS. Ranar 28 ga Maris, 2015, na'urar ta ƙi karanta yatsun Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke. Idan ta ƙi shugaban ƙasa, ina ga ɗan dakon da igiya da buhu suka goge masa yatsu, ko mai wankau da sabulu ya cinye wa fata? Yatsan da ya bushe ƙwarai, ko na tsoho, ko wanda lalle ya rina sosai, duk sukan wahalar da ita.

Kuskuren ɗan Adam ya fi wannan haɗari. Zanen da ake samu a wurin laifi yawanci guntu ne, a dame. Bayan harin bam na jiragen ƙasa a Madarid a 2004, hukumar FBI ta ce zanen da ke jikin wata leda na wani lauyan Amurka ne, Brandon Mayfield. Ya yi mako biyu a tsare kafin 'yan sandan Sifen su gano na wani ɗan Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta biya shi dala miliyan 2 a 2006. A ganina ya kamata kowane alƙali ya san wannan labari. Ban da haka, zane yana cewa mutum ya taɓa abu ne kawai, ba ya faɗin yaushe ko don me. Yatsan yaron shago a jikin akwatin kuɗin maigidansa ba hujjar sata ba ce.

Akwai wata al'adarmu mai kyau da ke ɓata wannan shaida. Da zarar an fasa shago, maƙwabta za su cika wurin don jaje, wannan ya ɗaga kwaɗon da aka karya, wancan ya buɗe durowa ya ga ɓarnar. Kafin jami'i ya iso, hannu ashirin ya hau kan hannun ɓarawo. Abin da ya dace shi ne a ja ƙofa, a tsayar da jama'a a waje, a rubuta sunayen waɗanda suka riga suka taɓa wani abu don a ware zanensu. Haka kuma mai karɓar dangwalen yatsa a takardar bashi ya rage tawada, ya mirgina yatsan sau ɗaya daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, ya rubuta wane yatsa ne na wane hannu. Dunƙulen tawada mara layi, ko ƙwararren da ya fi kowa ba zai iya cewa na wane ne ba.