Gina Babbar Manhaja Daga Tushenta a Kan Wata Manhajar

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta daga rubutunta na asali, alhali kuwa wata manhajar daban ce ke riƙe da injin. Domin sauƙin bayani, wadda ke aiki za mu kira ta mai masauki, wadda ake ginawa kuwa baƙuwa.

Al'amarin ba sabo ba ne. A 1969, sa'ad da Ken Thompson ya fara aikin da ya haifi Unix a Amurka, a kan kwamfutar GE 635 yake shirya umarninsa, ya huda shi a zaren takarda, sannan ya kai wa ƙaramar PDP-7 da hannu. Haka nan a kan Minix Linus Torvalds ya fara gina Linux a 1991.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tafinta, wato manhajar da ke juya rubutun harshen C zuwa harshen inji. Tafintan mai masauki ya saba da gidansu. In aka sake masa, sai ya riƙa ɗauko kundayen umarni na gidan yana cusa wa baƙuwa. Mafi muni, a ganina, shi ne aikin yakan kammala lami lafiya, sai ranar da aka kunna baƙuwar a nata injin ta ƙi tashi, a rasa dalili.

Masu NetBSD sun magance wannan da build.sh, wanda ya zo da fitowa ta 1.6 a 2002. Da farko akan yi amfani da tafintan mai masauki a gina sabon tafinta da sauran kayan aiki, a ajiye su waje guda. Daga nan ba a ƙara taɓa kayan gidan. Da sababbin kaɗai za a gina baƙuwa. Alamar -m ke faɗin irin injin da ake nufi, -U kuwa ta ba mutum damar yin aikin ba tare da ikon shugaban kwamfutar ba, abin da zai yi wa ɗalibai daɗi a ɗakin gwaji. FreeBSD ba ta samu irin wannan hanya daga Linux da macOS ba sai fitowarta ta 13.0 a 2021.

Sai dai mai masauki ba ta iya tafiyar da abin da ta gina. Gwaji sai a injin da aka nufa, ko a makwaikwayi irin su QEMU.